Haruffa Uku a Gaban Suna

Inna,

Ina gaishe ku. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, don ɗakin da muke kwafar tsofaffin takardun sojoji ba ya ganin rana.

Na daɗe ina kwafar wasu haruffa uku a gaban sunaye, ban san ma'anarsu ba. Jiya na tambayi dattijuwar da muke aiki tare. Ta cire tabarau ta ce, "'Yata, taƙaitawa ce. Wai ya ɓace a bakin daga, ko gawarsa ba a gani ba."

Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Don Allah ki lallashi Auta ya dakata da maganar shiga soja har in dawo. Ba na so a taƙaita mini ƙanena.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki