Gawayin Bokitin Kifi

Kamilu,

Na wuce makaranta a Bagwai kana barci. Ban tashe ka ba, wanda ya sha guga yana bukatar hutu.

Jiya ka buɗe bokitin da ke ƙarƙashin akwatin kifina, ka kwashe gawayin ciki ka shanya, ka zuba a dutsen guga, ka bar famfon da ke tura ruwan cikin bokitin a cire. Na san gawayi ya yi tsada bana. Sai dai wata biyu na yi ina tsara bokitin nan, soso a sama, tsakuwa a tsakiya, gawayi a ƙasa, don ya riƙa tace musu ruwa. Yau na tarar da ruwan kamar kunu. Cikin kifi bakwai, uku sun juya ciki sama.

Shaddarka kuwa ta gogu, ma sha Allah. Da na rasa abin tare laka, na yanke hannunta na dama na shimfiɗa a bokitin. Ashe ta fi soso tacewa.

Ka ba huɗun da suka rage abinci da azahar, ɗan kaɗan. In na dawo ruwan bai washe ba, akwai hannun hagu.

Yayanka,
Mika'ilu