Rabin Alkawari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya.

Gaisuwa mai tarin yawa zuwa gare ki, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwar nan taki sauƙi, ya sa kaffara ce, ya raya mana zuri'a cikin albarka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan daram, bakin ya fi ƙafar aiki. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta ce likitan yaro ne bai san daɗin duniya ba, har ta ɓoye wani a gwangwanin allura da zare, kamar ba ni nake share ɗakin ba. Baban yara lafiyarsa ƙalau, sai mitar cunkoson hanya. Takwararki ta fara jarrabawa, ta rame kamar ita za ta rubuta wa ajin duka. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. A waya ba na samun sarari, Inna tana jin raɗa ta bayan bango biyu, kuma maganar da nake tafe da ita ba ta tsaye ba ce.

Yaya, na gaji. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zagaya makarantu da allon zane a hamata da kwalin tambayoyi a jaka, ina koya wa 'yan mata sanin jikinsu, da abin da balaga ke zuwa da shi, da yadda ake gane mayaudari, da yadda ake cewa a'a ba tare da murmushin ban haƙuri ba. Dogo, abokin aikina, shi ke ɗaukar ajin maza. Har yau Kawu bai daina kiran aikin nan buɗe wa yara ido ba, kamar wayar da ke hannunsu rufe musu shi take yi. Na daina musu da shi. A kowane taron iyaye uba ɗaya zai miƙe ya tambaye ni ko ni ba ni da kunya, bayan an tashi kuma matarsa ta tare ni a bakin ƙofa ta roƙe ni in yi wa 'yarta maganar da ita ta kasa yi. Kwalin kuwa na takalmi ne, na tsaga masa baki, na naɗe shi da salatif. Yara suna jefa tambaya babu suna, ni kuma in karanta in amsa. Wata ta tambayi ko zama a kujerar da namiji ya tashi yana sa ciki, wata ko soyayya ce ke sa mata ciwon kai ko yunwa. Da ina dariya a hanyar gida. Yanzu na san tambayar tun kafin in warware takardar.

Akwai alkawarin da muke yi wa kowane aji a ranar farko, kuma gaɓa biyu gare shi. Ta farko, duk abin da aka faɗa mini ba zai fita ba. Ta biyu, sai fa in na ga rai ko mutuncin yarinya yana cikin haɗari, to dole in nemo wanda zai taimaka, amma ita zan fara sanarwa. Na faɗi wannan ya fi sau dubu, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi. To wata biyar... a'a, mako biyar da suka wuce, kin ga har lissafin kwana ya fara kuɓuce mini, na shiga makaranta ta uku a rana ɗaya. Malamin lissafi ya cinye mini minti goma sha biyar, fanka ba ta juyawa, maƙogwarona kamar an goga masa yashi. Na faɗi gaɓar farko, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa ana neman abin goge allo. Da na juyo sai kawai na shiga darasi. Can tsakiya na tuna, na dubi agogo, na ce a raina mako mai zuwa na cika musu. Ɗan hakin da ka raina, Yaya.

Da aka tashi, wata yarinya da ke zama a bakin taga ta tsaya tana taya ni naɗe allon zane. Ba zan faɗi sunanta ba. Shekararta goma sha biyar, mai tsabta, irin waɗanda malamai ke mancewa da su don ba sa damun kowa. Ta tambaye ni ko da gaske ne babu wanda zai ji. Ina neman murfin alƙalami a ƙarƙashin tebur, na gyaɗa mata kai. Sai ta gaya mini. Ta kai wayarta gyara, mai shagon ya kwashe hotunanta na cikin ɗaki, wata biyu yana yi mata barazanar zai watsa su, kuma ya sa mata ranar Asabar ta je ta same shi. Ranar Laraba muke maganar. Tana faɗa babu hawaye, idonta a kan igiyar da take ɗaure allon da ita. Ta ce ba ta son a yi komai, so take dai wani ya sani.

Na zaunar da ita, na faɗa mata rabin da na bari. Ban taɓa jin nauyin bakina irin na ranar ba. Ta dube ni, ta ce ai ba haka na ce ba. Na ce gaskiyarta. Ta ce ta sake tambayata kuma na gyaɗa kai. Na ce wannan ma gaskiya ne. Ta ce da ta san haka ne da ta mutu da abinta a ciki. Ta ajiye allon a hankali, ko jifa ba ta yi da shi ba, wanda da ta yi da na fi samun sauƙi. Na kai maganar ga shugabar makaranta, ita ta kira jami'ar kula da yara, aka kira uwar. Uwar ta zo da mayafi a karkace, tambayarta ta farko ita ce mutum nawa suka sani, sai daga baya ta rungume 'yar. Yanzu shagon a rufe yake, magana tana hannun hukuma, Asabar ta zo ta wuce yarinya tana gida. Alhamdu lillahi, wannan kam ban yi da-na-sani ba.

Amma ajin ya mutu a hannuna. Ba su san abin da ya faru ba, sun dai ga ta tsaya da ni, washegari kuma uwarta ta zo ofis. Yara ba sa bukatar a yi musu bayani. Mako uku ina ajiye kwali ina ɗaukarsa fayau. A na huɗu na sami takarda ɗaya, an tambayi mutum nawa ne ke karanta abin da ke cikin kwalin. Yarinyar ta bar bakin taga ta koma layin baya, ba ta duban inda nake. Dogo ya ce kuskurena ne ya cece ta, don da na faɗi alkawarin cikakke da ba ta buɗe baki ba. Wataƙila haka ne, amma ban ji sanyi ba. In haka ne, ashe tarko na ɗana mata, kuma 'yan mata arba'in sun koyi cewa babba yana faɗin rabin magana in zai kama ka. Wata a cikinsu tana iya kasancewa da nata mai shagon, kuma yanzu ba za ta faɗa wa kowa ba. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Shugabar ƙungiyarmu ta ce za ta iya musanya ni da wata a makarantar. Ni kuma takardar barin aiki ma na rubuta, tana cikin jaka kusa da kwalin, kwana tara ke nan.

Jiya ina wanke-wanke sai fuskar yarinyar ta faɗo mini, na ga ai na san wannan kallon. Irin wanda na taɓa yi miki ne. Kin tuna malamin da Baba ya ɗauko yana yi mini darasi a gida ina shekara goma sha huɗu? Kin tuna takardun da yake sa mini a littafi, da ranar da ya ce in same shi bayan makaranta? Ke kaɗai na nuna wa, bayan na sa ki rantsuwa. Kafin la'asar Inna ta ji, kafin magariba an sallame shi. Na kira ki munafuka a gaban ƙawayenki. Kusan shekara ban yi miki magana ba, muna ɗaki ɗaya, kina yi mini kitso ina ba ki ƙeya da gaske. Daga baya mun shirya, an yi aure, an haihu, na sa wa 'yata sunanki, amma maganar nan ban taɓa tayar da ita ba, ke ma ba ki taɓa ba. Ina ta koya wa 'ya'yan mutane abin da kika yi mini, ban taɓa haɗa biyun ba. Shekararki goma sha bakwai a lokacin, babu wanda ya horar da ke, babu jami'ar da za ki kira, babu Dogon da zai ce miki kin yi daidai. Yaya kika yi da shekarar nan? Ni mako biyar kawai na yi, ga shi ina neman gudu.

Na gode, Yaya. Ki yafe mini abin da na kira ki.

Ranar Laraba zan koma ajin. Zan tsaya a gabansu in ce na yi musu rabin alkawari, laifina ne, in faɗi cikakkensa, in ajiye kwalin ko da zai ƙare zangon babu komai a ciki. Ban san ko zan kai ƙarshen shekara a aikin nan ba, ƙarfin ya yi ƙasa ƙwarai. Amma ba zan bar ajin a kan wannan ba. Yarinyar kuwa ba na jiran ta yafe mini nan kusa. Ni shekara ashirin da shida na ɗauka.

Ki gaishe mini da maigidan, da Babangida, da 'Yar Lele mai surutu, da Gwaggo in kin je wajenta, ki ce mata maganin da ta aiko ya iso. Inna tana gaishe ku, ta ce a turo mata hoton jikokinta na kwanan nan, ba na bara ba. Baban yara da takwararki suna miƙa tasu gaisuwar. Ki sa ni a addu'a ranar Laraba da hantsi. Ba zan sa ki rantsuwa a kan takardar nan ba, na san ki, in kin ga ya kamata Inna ta ji, za ta ji.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta