Tsuntsu Mai Zobe a Baki

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri, yaya takaba? Ina fatan Anas da Rufaida suna kula da ke, kuma an gama yankan gero lafiya. Ni ƙalau nake a nan ƙasar Ailan, ina cin abinci idan na tuna.

Ranar Asabar malaminmu ya kai mu bakin teku kallon tsuntsaye. Farare ne kamar balbela, ɗaruruwa, duk kamarsu ɗaya. Ni na hango wanda ya bambanta: baƙin zobe a bakinsa, ƙwayar idonsa ruwan ɗorawa, na sauran kuwa baƙaƙe. Ashe ɗan Amurka ne, iska ta ɓatar da shi. Turawa suka yi ta murna suna ɗaukar hoto. A nan, idan ka ɓata nesa da gida, taya ka murna ake yi.

Kin san tsiyar Baba: “Rahma, har Turai don kallon tsuntsu? Mu a Minjibir korarsu muke yi.” Amma kullum sai ya tambayi wanda na gani. Kafin in ankara na kira lambarsa. Sai na ji muryar Anas. Ban san shi aka ba wayar ba.

Ki ba shi haƙuri, na kashe ban yi sallama ba. Ina roƙon abu ɗaya: idan sunana ya sake fitowa, kada ya ɗauka. Ya bar ta ta yi ta ƙara, kamar Baba yana gona.

Allah Ya jiƙansa. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Rahma