Kankana Ta Haye Gada

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya tarin Auta, ya yi sauƙi?

Har yanzu muna bakin gadar kan iyaka. Shugabannin ƙasashen biyu sun sa hannu, sun ce a buɗe a ci gaba da ciniki, amma wai sai an gama jawabai. Motoci sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu. Rana kuwa tana dafa mini kankana a bayan mota. Kin san idan ta lalace, mai kaya ba zai sake ba ni mota ba. Na lulluɓe ta da tamfol, ina yayyafa ruwa kamar mai jinya, direbobi suna ta yi mini dariya.

Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Dogo

Zuwa ga matata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya.

Albishirinki, mun haye! Ma'aikacin kwastan na can, wanda muka ɗauka zai cinye mu ɗanye, ƙwanƙwasa kankana ɗaya kawai ya yi, ya ce shekaru rabonsa da irin tamu. Na yanka masa, ya sha har ruwa na bin gemunsa. A kasuwa ma ban gama sauke kaya ba aka kwashe. Kaɗan ce ta ruɓe.

Daga nan na nemi gidanku, da kwatancen da kika yi mini. Innarki ta daɗe tana kallona a ƙofa kafin ta gane ni. Ta ce na rame, lallai ba kya ba ni abinci. Da na nuna mata hoton Auta, wanda aka haifa bayan rufe gada, sai ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya.

Zan dawo da lodin gishiri. Wannan takarda za ta riga ni, don na ba wani direba da ya gama lodi. Ki gyara ɗakin baƙi. Inna ta ɗaure kayanta ta hau gaban mota tun ba a fara lodi ba, ta ce ba ta sauka sai a ƙofar gidanki.

Naki har kullum,
Dogo