Na yabi kwamfutar auta, ɗan fari ya ɗauke tasa

Assalamu alaikum Malama Zulfa. Don Allah ki agaza mini da shawara, abin da ya fara kamar wasa yana neman shiga tsakanina da ɗana, kuma wai a kan na'ura.

Ni dattijuwa ce a nan Daura. Aikin buga tafireta na yi a sakatariyar ƙaramar hukuma a Dutsi tun ina da ƙuruciya har na yi ritaya. Yanzu matan unguwarmu nake koya wa karatun boko a zauren gidana, matan aure da tsofaffi irina, ni ke tsara darasi in buga in raba musu. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mini. Babban namiji ne, ɗan fari, kin san dai ba zan rubuta sunansa ba, tun da na haife shi bakina bai taɓa furta shi ba, baban Sabiru nake cewa. Gyaran kwamfuta yake yi a wani shago kusa da tasha. Sai autata Mardiyya, tana aikin jinya a Abuja, ita kam har goya ta zan iya yi a gaban mutane ba wanda zai ce uffan.

Bara waccan baban Sabiru ya tarar da ni ina kwafar darasi da biro har yatsuna sun ƙage. Sai ga shi wata rana da kwamfuta mai Windows, irin ta kan tebur. Ba sabuwa ba ce, shi ya bi ta gaɓa-gaɓa, ya cire abin da ya tsufa ya ƙara mata ƙarfi. Ya nemo mini maɓallan rubutu masu tudu, masu ƙara in an danna, don ya san hannuna da tafireta ya saba. Ya saka mata haruffanmu masu lanƙwasa ya nuna mini inda suke. Malama, ranar da na zauna gabanta ji na yi ƙuruciyata ta dawo, sai da na jira ya fita sannan na share hawaye. Duk abin da na buga a cikinta, in an kai filashi kowane shagon buga takardu a garin nan fitowa yake yadda na tsara shi. In ta ɗan yi gardama ya zo ya kwance ta, kafin in sauke tukunya ta tashi.

Da ƙaramar Sallah kuma Mardiyya ta zo mini da kwamfutar Mac, 'yar siririya, ba ta fi faranti kauri ba. Ita ma gaskiya a faɗe ta, aba ce ta burgewa. Kina ɗaga murfin ta farka, ba jira. A ɗauke wuta tun safe, ita tana nan da cajinta har la'asar, alhali waccan da an ɗauke take yin shiru. Rubutu a fuskarta tas, ko ban sa tabarau ba ina karantawa. In jikokina na Abuja suka kira sai in ga kamar in miƙa hannu in ja kumatunsu. Kuma a hammata nake saƙale ta in fita zaure.

Tun ranar suka fara musu irin na wa da ƙanwa. Ita ta ce tasa akwatin amarya ce, sai ƙarti biyu sun kama. Shi ya ce tata 'yar gayu ce, masu iya taɓa cikinta a garin nan kaɗan ne, in ta yi ciwo sai an hau mota da ita. Ita ta ce ai ba ta cika ciwon ba. Ni dai dariya nake, don kowa a cikinsu yana da gaskiyarsa.

Washegarin Sallah mata suka cika mini tsakar gida, na ɗauko Mac ina nuna musu, baki ya ɗebe ni, na yi ta zuba yabo, har na ce ban taɓa ganin na'ura irinta ba. Aminiyata Hajiya Ummukulsum ta nuna waccan da ke lulluɓe da zane ta tambaye ni labarinta. Na ce tana nan dai, na kawar da zancen. To me zan ce? In tsaya gaban mata ina yabon aikin ɗan fari, a fita da ni a baki a ce tsufa ya cire mini kunya? Ashe yana bakin ƙofa ya zo gaisuwa, komai a kunnensa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ya zare wayoyin kwamfutar da ya kawo mini, ya ce zai duba ta, ya ɗora a babur ya tafi. Har yau ba ta dawo ba. Matarsa Murjanatu ce ta tsegunta mini cewa kwamfutar tana shago a rufe, ya ce tunda na samu wadda ta fi, ƙarshen wata zai kai wa wata Islamiyya sadaka. Ba wannan ya fi ci mini rai ba. Da, in ya zo zama yake a tabarma ya sha furata yana ba ni labarin kasuwa. Yanzu daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni ya juya.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Ni ban iya dogon rubutu a Mac ɗin nan ba, maɓallanta a kwance suke, yatsuna zamewa suke yi, darasin matana ya tsaya. Ta kallo ce da hira a wurina, amma ta aiki tasa ce, kuma ita na fi so. Malama, tsakani da Allah wacce ta fi a cikinsu? Kuma yaya zan yi yaron nan ya san abin da ke raina, ni da ko haɗa ido da shi ban saba ba?

Tsohuwar mai tafireta, Daura.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, barka da arziki. Wasu iyayen kukansu ba a kawo musu komai ba, ke naki an kawo har biyu.

Tambayarki ta farko ke da kanki kin amsa ta. Masu son Mac suna son ta ne don sauƙin sha'ani da daɗewar caji da kyan fuska, kuma ba su yi ƙarya ba. Masu son Windows suna son ta ne don ana buɗe ta a gyara a ƙara mata ƙarfi, kayanta da masu gyaranta suna kusa, kuma ita akasarin shaguna da ofisoshinmu suka saba da ita. Su ma ba su yi ƙarya ba. Wadda ta fi ita ce wadda ta dace da hannun mai ita da aikin da ke gabansa. Ki buga darasi a ta tebur, ki yi karatu da hira da jikoki a ta hammata. In ma kina so, ana iya haɗa wa Mac maɓallai masu tudu. Amma kada ki soma yanzu, don in ya zo ya ga haka, kin ƙara wa wuta fetur.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ba zan ce ki yar da ita ba. Sai dai iyayenmu da suka yi ta, a baki suke ɓoyewa su nuna a aikace, kuma ba sa zuba yabon ƙane har ya kai inda wa zai ji an taka shi. Ke kin yi shiru a kansa kin buɗe baki a kan ƙanwarsa, a wuri ɗaya, a gaban mutane. Shi ma yana da nasa, magidanci kamarsa bai kamata ya yi wa mahaifiyarsa fushin yara ba. Amma ki duba, mutumin da ya lura da yatsunki har ya nemo musu abin da suka saba da shi, ba kwamfutar yake wa kishi ba.

Kada ki jira ƙarshen wata. Yau ki kira Murjanatu, ki ce ta gaya masa aikinki ya tsaya cak, hannunki ya ƙi kowace na'ura sai tasa, a dawo miki da abarki. Gaskiya ce, kuma ba yabo ba ne balle ki ji nauyi. Ki gaya wa Hajiya Ummukulsum ita ma, tunda a gabanta aka yi, ta san yadda za ta mayar da maganar kunnen matan da suka ji ta farko. Mardiyya kuma ki ce ta sassauta tsokana na ɗan lokaci.

In ya kawo ya durƙusa yana haɗa wayoyi, ba sai kin kalle shi ba, ba sai kin kira sunansa ba. Ki dubi bango in kin ga dama, ki ɗaga murya yadda zai ji, ki ce Allah ya yi maka albarka. Babu al'adar da ta hana uwa wannan, kuma ina kyautata zaton albarkar nan yake jira tun ranar da ya tarar da ke da biro a hannu.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya miki su da jikokin, ya ƙara wa yatsun nan lafiya.