Batirin da Aka Sauya Mini

Talata, 22 ga Zulƙida 1446
Yau sharika, wato kamfanin da nake wa tuƙi, ta gwada jihaz ɗin kowace bas, ɗan akwatin nan da ke manne a gilashin gaba, wanda ke buɗe mana ƙofar hanyar Arfa. Wanda nasa bai amsa ba, ba shi cikin aikin Hajji, don sabo ba zai iso ba sai bayan Sallah. Nawa ya yi ƙara tsaf. Na Mukhtaru sai da aka maimaita. Ya fito yana share gumi, na yi masa dariya. Mijin ƙanwata Wafa ne, tare muka tashi a unguwar Tandabawi, ni na kawo shi wannan aikin.

Juma'a, 3 ga Zulhajji
Mukhtaru ya karɓi makullina, wai zai kai motocinmu biyu wanki. Na ji daɗi. Bayana na ciwo.

Alhamis, 9 ga Zulhajji, ranar Arfa
Ƙofa ta ƙi buɗewa. Na ja baya, na sake matsowa. Shiru. Bas cike da tsofaffi cikin harami, motoci na danna mini oda. Aka ture ni gefe cikin rana. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta riƙa tambaya, "Ɗana, za mu samu tsayuwar kuwa?" Daga baya ta sume, motar asibiti ta ɗauke ta. Sai bayan la'asar wata bas ta kwashe sauran.
Mukhtaru ya wuce ni ta layin dama. Ƙofa ta ɗaga masa. Ya gan ni, na tabbata.

Litinin, 13 ga Zulhajji
Mudir, shugaban sharika, ya ce an fasa jihaz ɗina an liƙe da gam. Na rantse. Ya ce, "Motarka ce, Yunus." An dakatar da ni. Mukhtaru na tsaye bakin ƙofar ofis, yana kallon takalminsa.

Laraba, 15 ga Zulhajji
Na roƙa aka ba ni jihaz ɗin, na kai wa Talal mai gyaran waya. Ya buɗe a gabana. Ashe ba wani abu a ciki: ɗan allo kore, siririyar waya a nannaɗe, sai batir da bai kai babban yatsa ba. Ya ce barci abin yake yi kullum, sai ya zo ƙarƙashin ƙofa saƙo ya tashe shi, ya faɗi lambarsa, ya koma barci. Shi ya sa batirin ke shekaru, sai dai zafin gilashi na rage masa kwana. Kuma ba a yi shi don a cire ba, da dalma aka kafe shi.
Ya juya batirin. "Wannan ya girmi jihaz ɗinka. Dalmar kuma sabuwa ce, aikin gaggawa. Wa ka ba makulli?"
Na tuna ranar wankin motoci.

Juma'a, 17 ga Zulhajji
Na tare Mukhtaru a lungunsu. Bai ma musa cewa ya sauya batirina da nasa ba. "Na ɗauka zai kai ka Arfa, ya akhi. Wallahi na ɗauka zai kai." Wai Wafa na gab da haihuwa, in aka cire shi daga aikin Hajji sharika ba za ta sabunta masa igama ba, takardar izinin zamansa. Na ce me ya hana ka tambaye ni? Ya ce da na ƙi.
Da na ƙi ɗin. Amma da na san da wa nake zaune.

Asabar, 18 ga Zulhajji
Wafa ta sani. Ita ta riƙe masa fitilar waya yana narka dalmar. Da bakinta ta faɗa, tana kuka, "Yaya, ka yafe." Ni da na goya ta zuwa makarantar allo.

Litinin, 20 ga Zulhajji
Mudir ya kira. In na faɗi sunan wanda ya taɓa motar, zan koma aiki. Na je har bakin sharika, sunan na kan harshena. Na zauna a inuwa na sha shayi, na dawo gida. Ban yafe ba. Kawai ban shiga ba.

Laraba, 29 ga Zulhajji
Wafa ta haihu, mace. Ban je ba. Ina yini a shagon Talal, yana koya mini riƙe ƙarfen dalma. Na ƙona yatsa.

Juma'a, 9 ga Muharram 1447
Masallacin unguwa ya cika maƙil. An tayar da iƙama sai ga Mukhtaru a makare, yana neman wuri, ya rame. Ya tsaya a bayana. Na matsa, ya shiga kusa da ni. Sahu ne ke da giɓi, ba wani abu ba.
Kafaɗarsa na rawa har muka sallame. Ban janye tawa ba.