Waken Baba da Hannun Jarina

Daren Laraba, Sabon Birni

Kawu Sale ya kai ƙarata wurin Baba, wai caca nike yi da waya. Mutumin da bai taɓa zama ya karanta komi ba! Baba ya ce in gaskiya ne, sai in aje babur ɗin da ya ba ni nike kabu-kabu da shi.

Bayan la'asar ya kira ni zaure, Kawu na gefe yana murmushi.

"Wanga hannun jari naka, ina kayan suke?" in ji Baba. "An ce farashi ya faɗi. Kuɗinka sun tafi ke nan?"

Na ce, "Baba, waken da kake saye da kaka, in farashi ya karye kafin ka kai Nijar, buhunan sun ɓace?"

"A'a. Sai na sayar nike asara."

"Haka nawa yake. Ɗan rabo na saya cikin kamfani, yana nan."

"Kamfanin mi? Ba dai giya ba?"

"Siminti."

"Ana faɗuwa?"

"Ana faɗuwa ƙwarai, kamar yadda ƙwari ke cinye wake. Shi ya sa nike karatu kafin in saya."

Kawu ya buɗe baki, Baba ya ɗaga mishi hannu. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni.

"Gobe ka kai ni Bafarawa," in ji Baba. "A hanya ka ƙarasa mini bayani."

Za ni tuƙa a hankali.